Ƙanena zai sayar da pragya ya yi fim ɗin tsoro

Yar_Aboabo:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma na fi son ta wanda ya taɓa abin da hannunsa. Ƙanena mai bi mini yana tuƙa pragya, keken haya mai ƙafa uku, tsakanin Aboabo da Asawase a nan Kumasi. Da ita yake ci, da ita yake taimaka wa Mma, mahaifiyarmu. Yanzu ya tashi haiƙan wai zai sayar da ita ya yi fim ɗin tsoro da Hausa, a nan cikin zango, unguwarmu ta Hausawa da Musulmi. Ya cika littafi da labari, ya tara abokansa, kullum da dare suna gwaji da waya a bayan gida. Ban raina burinsa ba, yaron yana da kai. Tambayata ita ce: a Kumasi ko Accra, akwai wanda ya yi irin wannan fim da kuɗin aljihunsa, ya yi aure da shi, ya riƙe gida da shi?

Dan_Nima:
Wa alaikumus salam. Kada ya sayar. Pragya kullum sai ta kawo wani abu gida, fim kuwa sai an dace.

Hajiya_Asawase:
'Yata, duk labaran duniya ya rasa wanda zai yi sai na tsoro? Mu muna roƙon Allah ya raba mu da mutanen ɓoye, shi zai bi su da kyamara. Ku kai shi gaban kawunku ya yi masa faɗa tun da wuri.

Editan_Alabar:
Hajiya, a yi haƙuri, ba aljani ake kira ba, yaro ne ake shafa wa farar ƙasa a fuska. Akwai dattijo a zauren nan da ya ci ƙuruciyarsa a wannan harka. @TsohonKaset, Baba, kana kusa?

TsohonKaset:
Ina nan, ɗana. 'Yata ta Aboabo, zan gaya miki abin da na gani, sai ki auna.

Na shiga harkar ina yaro, a ƙarshen shekarun 1980, ina ɗaukar kaya wa wani maigida mai yawo da bidiyo. Talabijin ɗaya, dek ɗaya na kunna kaset, janareta, sai fosta da aka zana da fenti a kan buhun fulawa. Mu bi ƙauyukan hanyar Mampong har Ejura, mu jera benci, mu rataya fosta tun da rana. A nan na koyi abin da mutane ke cire kuɗi su kalla. Fim ɗin faɗa yana tara samari, na Indiya yana tara mata, amma ranar da aka saka na mayu ko na fatalwa, har tsofaffi sai sun fito.

A 1987 William Akuffo ya fitar da Zinabu, labarin mayya, kuma da kyamarar bidiyo ya ɗauke shi. Masu ilimin fim na wancan lokaci, 'yan NAFTI, makarantar koyon fim ta ƙasa, da na kamfanin fim na gwamnati, da yawansu sun raina aikin, wai ba sinima ba ce. Jama'a kuwa suka cika gidajen kallo a Accra. Daga nan duk mai kyamarar ɗaukar biki ya ga ƙofa a buɗe. Bayan 'yan shekaru Akuffo ya yi Diabolo, na mutumin da ke rikiɗa maciji, wannan kam har a zango ba a da wata hira sai tasa.

Nawa na farko na yi shi da kuɗin adashin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da kyamarar haya. Labarin wani ɗan kasuwa ne da ya kulle ɗaki ɗaya a gidansa, ya hana matarsa shiga. A gidanmu na Akwatia Line muka ɗauka. Idan muna son mutum ya ɓace, sai a kafe kyamara a kan teburi, a dakatar da ɗauka, ɗan wasan ya fita, a ci gaba. Kowa ya daskare a inda yake, ko hannu ba a motsawa, in ba haka ba asiri ya tonu. Hayaƙi kuwa garwashi ne da turaren wuta a cikin kasko, yaro yana fifita daga ƙasa. Haɗa fim ɗin da dek biyu ake yi, ɗaya na karantawa ɗaya na ɗauka, kuma duk kwafin da aka sake sai hoton ya ƙara dushewa.

An kalle shi. Na ga mace ta rufe fuska da mayafi tana leƙe ta gefe, a wurin da ni na san ƙanena ne a cikin farin zane. Wannan daɗin har gobe ina jin sa.

Amma kuɗi kika tambaya. Wani dillali a Accra ya karɓi kaset na asali da alkawarin zai buga ya raba, mu yi lissafi daga baya. Babu takarda tsakaninmu. Kafin a zo lissafin, kwafi ya cika teburan kasuwar Kejetia, kuma abin da ya shigo hannuna bai wuce in mayar wa mahaifiyata adashinta ba. Na yi wasu bayansa, wani ya ci wani ya faɗi. Na yi aure, na riƙe gida, yarana sun yi makaranta. Abin da ya ciyar da su shi ne ɗaukar aure da suna da Maulidi. Fim ɗin tsoro shi ya sa aka san ni, ake kirana ɗaukar bikin. Yanzu ina da shagon kayan waya.

Dan_Nima:
To kin ji. Baba ma da ya zo lokacin da ake sayen kaset, biki ne ya riƙe shi. Ina ga yau da kowa ke son kallo kyauta?

Bakano_a_Tech:
Gaisuwa ga manya. Ni ɗalibi ne daga Kano, ina karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi. Baba, ni na ɗauka Najeriya ce ta fara wannan harka ta bidiyo da Living in Bondage a 1992, shi ma labarin kuɗin tsafi ne.

Editan_Alabar:
@Bakano_a_Tech lissafa da kanka, 1987 da 1992 wanne ya riga? Ku ma a Kano an yi Turmin Danya a 1990. Abin da Najeriya ta fi mu shi ne yawan jama'a da ƙarfin 'yan kasuwa, shi ya sa daga baya fina-finansu suka mamaye kasuwarmu.

Bakano_a_Tech:
Na karɓa. Amma a wurinmu masu fim sun fi karkata ga soyayya da waƙa da rikicin gida. Akwai hukumar tace fina-finai a Kano tun 2001, mai shirya fim yana taka-tsantsan da duk abin da ya shafi tsafi. Shi ya sa nake ganin ƙanin Yaya yana da fili. Masu jin Hausa daga nan har Yamai da Kano suna da yawa, kuma na tsoro da Hausa bai yi yawa ba.

Almajirin_Sawaba:
Bismillah. Ina so a raba abu biyu. Aljanu gaskiya ne, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani, sihiri ma an ambace shi. Ba laifin labari ba ne ya taɓo su. Inda nake jin tsoro shi ne a nuna boka yana da ikon ba da arziki ko kashewa, yaro ya kalla ya tafi da wannan a zuciyarsa. Mun ga zamanin fina-finan sakawa, na samarin da ke haɗa damfarar intanet da tsafi, ana cewa gargaɗi ake yi, amma motoci da gidajen da ake nunawa sun fi gargaɗin ƙarfi. Sa'annan kada a ɗauki ayar Allah a mayar da ita kayan wasa, ana karantawa ana fitar da wuta daga tafin hannu.

Hajiya_Asawase:
Malam, Allah ya saka. Abin da nake nufi ke nan, bakina ne bai iya jerawa ba.

TsohonKaset:
Malam ya taɓo wani abu. Fina-finan tsoro na Ghana yawancinsu da fasto suke ƙarewa, ya ɗaga Baibul, mugu ya narke. Masu sayen kaset 'yan coci ne, dillalai kuma sun san haka. A wasu ma, mai ba da mugun asirin sai a sa masa babbar riga da hula da carbi. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, yana cikin dalilan da suka sa na ɗauki kyamara. A nawa ban sa malami ya yi faɗa da aljani ba. Matar ce ta buɗe ɗakin, ta ga abin da ta gani, ta tafi gidan iyayenta, shi kuma ya zauna da abin da ya jawo.

Yar_Walewale:
Ni ba aljanu ne damuwata ba, tsofaffi mata ne. Daga arewa na fito, Gambaga ba ta da nisa da garinmu. Akwai matan da aka kora daga gidajensu da zargin maita, suna zaune a can shekara da shekaru saboda wani ya yi mafarki da su, ko yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunansu. A 2020 an kashe tsohuwa 'yar shekara 90 a Kafaba da duka bisa zargin maita, da rana tsaka, ana ɗauka da waya. Majalisa ta amince da dokar hana zargin maita a 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. Duk fim ɗin da ya nuna tsohuwa marar haƙori tana tashi sama da dare tana cin jikokinta, yana ƙara wa wannan wutar itace. Yaron da ya kalla, gobe idan ya ga kaka mai tallan gyaɗa tana magana ita kaɗai, me zai ce? Idan labarin ƙaninki irin wannan ne, ni ina roƙon Allah kada ya samu kuɗin yin sa.

Dan_Nima:
'Yar'uwa, fim ne fa. Kafin a ƙirƙiro kyamara ake zargin maita.

Yar_Walewale:
Na sani. Amma kafin kyamara ba a nuna wa yaro yadda mayya take cire fatarta ba, da kala, da sauti, kashi na ɗaya har na goma. Ka tambayi 'yan wasan Kumawood, masu fim na Kumasi, da suka saba fitowa a mayu yadda ake kallonsu a kasuwa.

Mai_Pragya:
Salamu alaikum. Ni ne ƙanin da ake magana a kansa, Yaya ce ta turo mini. Na karanta duka, na gode wa iyayena da yayyena.

@Yar_Walewale babu tsohuwa mayya a labarina. Labarin direban pragya ne da ya ɗauki fasinja bayan sallar isha, wajen maƙabartar Tafo. Fasinjan ya biya, ya sauka, ya bar jaka. Direban ya buɗe ya ga kuɗi, ya ci. Daga ranar, duk wanda ya tare shi da dare, idan ya duba madubi, fuskar fasinjan nan yake gani. Ba jini, ba boka. Amana ce aka ci, ita ke bin sa.

Kuɗin da nake nema na fitila ne da makirfo da abincin 'yan wasa da mai haɗawa. Na gaji da jira. Shekara nawa zan yi ina cewa wata rana?

Editan_Alabar:
Tsaya. Labarinka a cikin pragya yake faruwa, kuma pragyar za ka sayar? Da wacce za ka ɗauki fim ɗin? Za ka koma kana hayar ta wani, yana ƙirga maka awa, yana cewa kada a ɗaura fitila a jikinta.

Ga abin da na sani daga teburin haɗa fim. Hoton waya na yanzu ya fi kyamarar da Baba ya yi aiki da ita nesa ba kusa ba. Abin da ke kashe fina-finanmu sauti ne. Mutum zai jure hoto mai duhu, ba zai jure magana da ba ya ji ba. A zango kuwa babu shiru: ga rediyon maƙwabta, ga injin niƙa, ga awaki, ga lasifika. Ka ɗauki maganar daban a cikin ɗaki mai katifa da labule, ka ɗauki ƙarar injin daban, ƙarar madubi, numfashi, takun ƙafa a kan tsakuwa. Tsoro ta kunne yake shiga. Kuma kada ka ɗauka cikin baƙin dare, waya tana cika hoton da ƙura. Tsakanin magariba da isha akwai ɗan haske da ya rage a sama, ko da asuba kafin gari ya waye, sai a ƙara duhun a kwamfuta.

Maganar maƙabarta, kada ka shiga da kyamara ba izini. Bango da bishiya a wani wuri sun isa.

Mai_Fenti:
Baba TsohonKaset ya tuna mini da fosta. Maigidana na farko yana zana su. Buhun fulawa biyu ake farkewa a ɗinke, a shafa farin fenti, a zana da fentin mai don ya jure ruwa da naɗewa. Sau da yawa bai ma kalli fim ɗin ba, labari ake ba shi, sai ya ƙara kai uku da wuƙa da maciji. Da fosta ta bugawa ta zo, aka daina. Yanzu Turawa na sayen tsofaffin suna ratayawa a gidajen baje kolin zane a Amurka da Turai. Ƙanina, in ka gama, ni zan zana maka ɗaya a buhu, kuɗin fenti kawai za ka biya.

TsohonKaset:
Allah sarki. Tawa ta farko ruwa ya ci ta a ɗakin ajiya.

Ɗana mai pragya, labarinka ya yi, madubin nan zai yi aiki. Abu ɗaya nake so ka riƙe: takarda. Duk wanda ya fito a fim ɗin, ko abokinka ne na goye, ya sa hannu a kan abin da kuka yi yarjejeniya. Kada ka ɗauki kiɗan wani ka saka. Asalin fim ɗin ya zauna a hannunka, a wuri biyu.

Bakano_a_Tech:
A kan takardar nan, har a Amurka ta faru. George Romero ya yi Night of the Living Dead a 1968, shi da abokansa a wajen Pittsburgh, da kimanin dala 114,000, wanda a wurinsu ƙaramin kuɗi ne. Kamfanin rabawa ya canja sunan fim ɗin, aka manta ba a sa alamar haƙƙin mallaka a sabon sunan ba. A dokar lokacin, shi ke nan ya zama na kowa. Duniya ta kalla, kowa ya buga ya sayar, su da suka yi wahalar kaɗan suka gani. Kuma kafin fim ɗin, tallace-tallace suke ɗauka suna ci da shi, kamar yadda Baba ya riƙa ɗaukar biki.

Dan_Nima:
Dala dubu ɗari da sha huɗu ƙaramin kuɗi? Pragya nawa ke nan? Ku daina kawo misalin Amurka kuna zuga yaro.

Bakano_a_Tech:
To ga na kusa. C.J. Obasi ya yi Ojuju a 2014 a wata unguwar talakawa a Legas, kusan ba jari, ya ci kyautar fim ɗin Najeriya mafi kyau a bikin fina-finan Afirka na AFRIFF. A 2023 ya kai wani fim ɗinsa bikin fina-finai na Sundance a Amurka. A Uganda ma akwai Nabwana na Wakaliga da ke yin fim da 'yan daloli kaɗan, an san shi a duniya.

Dan_Nima:
Ka ambaci biyu. Waɗanda suka sayar da abin hannunsu suka koma ba tsuntsu ba tarko, wa ya san sunansu? A Nima ta Accra kaɗai na san masu fim a cikin kwamfuta da ba a taɓa gamawa ba.

Mma_Waakye:
Ni ban san fim ba, amma na ciyar da masu fim. Wasu sun zo unguwarmu ɗauka, ni ke kai musu abinci. Ranar farko mutum goma aka ce mini, kafin sati ya ƙare sun ninka, kowa ya zo da abokinsa. Rabin yini suna zaune suna jiran wuta ta dawo, lokacin dumsor ne, da ake yawan ɗauke wuta. Kuɗin ciki ne ya karya su, ba kyamara ba. Yaro, ka rage mutane. Labarinka direba ne da fasinja, to kada ka tara gari.

Editan_Alabar:
Mma ta faɗi gaskiya. Sa'annan a duba ina kuɗin zai dawo. Kaset ya mutu, faifai ya mutu. Tashoshin talabijin sun cika da fina-finan Indiya da aka juya zuwa Twi, yana cikin abin da ya durƙusar da Kumawood, manyan 'yan wasansu da yawa YouTube suka koma. A YouTube kuwa, kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Fim mai yawan jini ana rage masa talla, to rashin jinin naka riba ce. In kuma za ka nuna wa jama'a a zaure da tikiti, akwai dokar fim ta 2016, sai an kai wa hukumar fim ta ƙasa ta tantance. Shawarata: ka yanka labarin gajeru-gajeru, minti goma goma. Ka saki na farko, ka ga ko mutane za su nemi na biyu.

Mai_Pragya:
Yaya Edita, na ji. Amma tsoro yana son lokaci. In na yanka shi, kafin mutum ya fara jin sanyi a jikinsa an gama. Dogon fim nake mafarki, wanda za a kashe fitila a zauna.

TsohonKaset:
A nan ina bayan yaron. Kallon tsoro a waya, mutum ɗaya a cikin motar haya ta trotro, ba daidai yake da ɗaki cike da jama'a ba. Ihun mutum ɗaya ke tayar da na saura. Amma ɗana, ba sai ka zaɓa yau ba. Ka ɗauki daren farko na labarin, daga hawan fasinja zuwa buɗe jaka. Ka kawo shagona, in tara maka mutanen da ba su san ka ba, ka zauna a baya ka kalli wuyansu. In sun daina taɓa waya, kana da fim.

Almajirin_Sawaba:
Tunda labarin cin amana ne, ba ni da ja. Sai dai a kula da lokacin salla a wurin ɗauka, musamman da ake maganar magariba da asuba. Kuma yardar mahaifiya tana gaba da komai. Me Mma ta ce?

Yar_Aboabo:
Malam, Mma ta ce ba ta hana shi fim ba, amma ba ta yarda a sayar da abin da marigayi Baba ya sa hannu aka saya ba. Jiya mun zauna. Shi yana cewa zai ba wani amintacce ya riƙa tuƙawa da rana yana kawo kuɗin yini, shi kuma ya yi aiki da ita da dare. Ni ina tsoron a lalata masa inji. Har yanzu bai cire maganar sayarwa daga bakinsa ba, ya ce in kuɗin bai taru ba kafin babbar salla zai sake tayar da ita.

Yar_Walewale:
In ba tsohuwa a ciki, ina da ƙane a Tamale mai makirfo na ɗaukar wa'azi, zan tambaye shi ko zai ba da aro.

Dan_Nima:
Ba wa wani tuƙi ma asara ce, wata uku za ku ga yadda za ta koma. Ni dai ina kan bakana. Ya tuƙa abarsa da kansa, ya riƙa ware wani abu kullum, fim ya jira shekara.

Hajiya_Asawase:
Ni har yanzu hankalina bai kwanta da maganar Tafo da dare ba. Ko bangon wani wuri ne, ku yi addu'a kafin ku fita.

Editan_Alabar:
@Mai_Pragya turo mini shafi biyar na farko ta WhatsApp in duba. Kuma gaya mini wace irin waya ce da kai da girman ma'ajiyarta, don in san ko za ta ɗauki daren farkon ko sai mun nemo wata.